Kalangu Marar Fata

A unguwar Jarwal ta Makka kowa ya san kakan Ja'afaru makaɗi ne a Kano, kuma ba wanda ya yarda ya manta. Shi kuwa Ja'afaru kafinta ne. Shekara ashirin yana yi wa alhazai akwatuna a Makka, hannunsa bai taɓa ganga ba.

Shekara biyu bayan ambaliyar da ta shiga Harami, wani ustazu Bamisre mai koyar da lissafi ya kawo masa zane. Yana son siffofin da ɗalibai za su riƙa da hannu, ba su gani a allo kawai ba. Dunƙule da mazurari ba su ba Ja'afaru wuya ba. Ta ukun ce aiki: faifai biyu na katako, sama da ƙasa, sanda a tsakiya, zare sittin a ɗaure tsakaninsu. In aka murɗa faifan sama sai tsakiyar ta tsuke kamar ƙugu, alhali ko zare ɗaya bai lanƙwashe ba. Mako guda yana huda ramuka. Da ya gama, ya ajiye ta ƙofar shago don man da ya shafa mata ya bushe, yana murɗawa yana kallo, don bai taɓa yin abin da ya burge shi haka ba.

Larabawa suka yi ta wucewa ba su ga komai ba. Sai Malam Tsoho, dattijon da ke tsaya wa Hausawan unguwar gaban hukuma, ya zo ya ga kalangu. A lokacin duk wanda aka kama da abin kiɗa, a fasa abin, a yi masa bulala.

"Ashe gadon ya motsa, jikan makaɗa?" in ji shi.

Mutane suka taru. Tsoho ya ce ko Ja'afaru ya ƙona abin kafin la'asar, ko ya hana duk Bahaushen Jarwal kawo masa aiki, don ba za a ja wa jama'a masifa yana raye ba. Tsoronsa gaskiya ne, amma tsoro bai halatta wa kowa ƙage ba.

Ja'afaru ya miƙa masa sanda. "Buga mu ji, Baba."

Tsoho ya buga. Zaren ya girgiza, ba sauti. Wani ya yi dariya, abin da ya ƙara ɓata lamarin. Tsoho ya ce kamannin kaɗai ma sun isa. Daga baya ya sassauta: a naɗe shi cikin buhu, a fitar da shi ta ƙofar baya.

Nan ne ran Ja'afaru ya ɓaci. Ya san in ya ɓoye, ya amsa laifin ke nan.

"Na ba ka girmanka, Baba," ya ce, "amma aikin halal ba na sa shi a buhu."

Ya ɗora shi a ka, da rana tsaka, ya ratsa kasuwa har makarantar ustazun. Ba wanda ya tare shi.

Tsoho ya cika alkawari. Hajjin shekarar ya zo ya wuce, Bahaushe ko ɗaya bai sayi akwatin Ja'afaru ba, gidansa ya ji a tukunya. Da hannunsa ya sami sarari, sai ya yanko katako ya yi na biyu, mai zare ɗari, ya kafa shi a ƙofar shago.