Kwalaye Tara, Lamba Ɗaya

Tsohuwar ta zazzage leda a kan teburin jami'in hukumar magunguna. Kwalayen maganin hawan jini ne guda tara, duk an shanye.

"Iya, layi ake bi," in ji jami'in.

"Na bi jiya, na bi shekaranjiya. Yau kai za ka bi nawa."

Wata biyu ke nan da mijinta ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar banɗaki, bai ƙara magana ba har ya cika. Likita ya ce jininsa ya hau kamar na wanda bai taɓa shan magani ba. Tun ranar babban ɗanta ya ɗauke ƙafa daga gidan, wai ita ce take mantawa ba ta ba Baba ƙwayarsa. Ita da kullum safe take tsaye a kansa da kofin ruwa, ba ta gusawa sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa!

Jami'in ya juya kwali ɗaya. "Ba ki kankare wannan mai ƙyallin ba? Akwai lamba a ƙarƙashi. Turawa ake yi ta waya, a gaya miki na gaske ne ko jabu."

"Wa ya gaya mini? Mai kemis cewa ya yi ita ce shaidar mai kyau. Ina ni ina lalata shaida? Ko farce ban bari ya taɓa ta ba."

Ya kankare ɗaya da makulli, ya hau danna waya. Ita kuwa ta sa farce ta bi sauran takwas ɗin, ta jera su. Ba ta san ko bihim ba, amma shekara talatin tana saƙa, idonta ya san zane idan ya maimaitu.

"Kai ɗan nan, ajiye wayar ka duba zanen lambobin nan. Mai wuyan agwagwa, mai ciki biyu, sanda, sanda. Duk haka suke."

Ya duba. Ya daina tauna cingam ɗinsa.

"Kowane kwali da tasa lambar," ya ce a hankali. "Waɗannan kwafa aka yi."

"To a kamo mai kemis ɗin."

"Za mu tura mutane shagon."

"Takalma ake sayarwa a wurin yanzu."

Ya jawo fom. Ta dafe shi da tafin hannu.

"Rubuta cewa na ba maigidana maganin, kullum. Rubuta ba ni na kashe shi ba."

"Iya, zan rubuta maganin jabu ne. Abin da ya yi ajalinsa kuma ba hurumina ba ne."

Ta zaro ƙaramar wayarta ta miƙa masa. "Lambar farko ta ɗana ce. Faɗa masa da bakinka."

Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira, aka kashe.

Ta fara tattara kwalayen.

"Bar su nan, Iya, shaida ne."

Ta tura masa bakwai. Biyu ta ƙulle a bakin mayafinta.

"Gidansa na nufa. Shi da ya yi boko, in ga ko zai iya karanta abin da na karanta."