Gishirin Ramin Kifi

Baban Liatu ya rasu da azumin Ista, ya bar mini ramin kifi a bayan gidanmu na Malumfashi. Da hannunsa ya haƙa shi, ya shafe da siminti, ya zuba tarwaɗa ɗari uku. Ni ɗinki na iya. Tun da aka binne shi nake zuba musu abinci safe da yamma, don su kaɗai suka rage masu motsi a cikin abin da ya bari.

Sati shida bayan rasuwar, farin tabo ya fito musu. Kullum da safe sai na tsamo matattu, goma sha biyar, ashirin. Na kira Liatu, 'yarmu da ke karatu a Zariya. Ba ta taɓa ganin ramin ba, ko da ta zo jana'iza ba ta iya leƙa bayan gida ba.

Ta tambayo wani malaminsu, ta ce gishiri za a zuba, giram uku a kowace lita.

"Mama, ki auno mini tsawo da faɗi da zurfi. In na ninka su, zan san yawan ruwan."

Na ɗauko tef ɗina na ɗinki. Tsawo ɗari da ashirin, faɗi tamanin. Zurfin kuwa gora na tsoma, na auna inda ya jiƙe, arba'in. Ta yi lissafinta, ta ce kilo ɗaya da ɗan ɗori. Na zuba.

Kwana tara ana mutuwa. Na gaji da tsamowa, na gaji da warin. Maƙwabciyata Tsohuwa ta ce, "Ke dai kin koma mai haƙa wa kifi kabari."

Na sake kiran Liatu.

"Wai ruwa nawa kika samu ne?"

"Lita ɗari uku da tamanin da huɗu."

"Ban san lita ba. Faɗa mini da duro."

"Bai cika duro biyu ba."

"Duro biyu? Liatu, kwana uku babanki ya yi yana jan ruwa kafin ramin nan ya cika!"

Sai ta ce, "Mama, wane gefen tef ɗin kika karanta?"

"Wanda nake auna riga da shi mana. Inci."

Ita santimita ta ɗauka. Ta ce inci ɗaya ya ɗan ɗara santimita biyu da rabi, kuma kuskuren ya shiga tsawo, ya shiga faɗi, ya shiga zurfi. Ta sake bugawa. Lita dubu shida da ɗari uku, duro talatin da ɗaya. Gishiri kusan kilo goma sha tara. Sai na ji tana kuka. Ban hana ta ba, ba ni da ƙarfin lallashi.

Na hau Keke Napep na sayo buhu guda, na jiƙa a bokiti, na riƙa zubawa kaɗan-kaɗan har la'asar.

Mutuwa ta tsaya a rana ta huɗu. Na rage ruwan na ƙirga su da kwando. Hamsin da biyu. Na mayar da su, na zauna a bakin ramin na zuba musu abincin yamma.