Rabin Waƙar Auta

Inna tana shanya wanki surukinta ya kira ta a waya. Ko gaisuwa bai yi ba. "Inna, Auta ta rasu." Zanen da ke hannunta ya faɗi ƙasa, ta tsaya tana kallonsa kamar ba nata ba.

Tun da Auta ta haihu ba ta koma daidai ba. Jiki lafiya lau, amma sai ta zauna ta zuba wa bango ido, jaririya na kuka a gefenta. Likita ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Ya ba ta magani, ya kuma tura ta wani ɗaki a bayan asibiti, inda masu jego ke zama a ƙasa, wata malama na taimaka wa kowacce ta haɗa waƙar lallashin ɗanta da kanta.

"Waƙa kuma? Ke da muryarki kamar ƙofar da ba ta sha mai ba?" in ji Inna.

Auta ta yi dariya, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta jingina da ƙofar kicin ta fara rerawa. Ana tsakiya tukunya ta tafasa ta zubo, Inna ta juya. Ƙarshen waƙar ya wuce ta.

Bayan rasuwar aka kawo mata jaririyar. Kuka take har muryarta ta dushe. Goyo, jijjiga, madara, duk a banza. Sai in Inna ta ɗauko farkon waƙar nan take yin tsit, ta buɗe ido tana saurare. Daidai inda Inna ta tsaya, kukan ya dawo sabo.

Ta tambayi surukin. Ya sunkuyar da kai, ya ce lokacin da Auta take rerawa shi yana wurin aiki.

Ta goya yarinyar ta tafi ɗakin nan na bayan asibiti, ta tambaya ko sun ɗauki waƙar Auta.

"Ba ma ɗauka a waya, Mama," in ji malamar. "A kwando ake barin wayoyi a bakin ƙofa, don kowa ta saki jiki."

"Ke ɗin ma ba ki riƙe ba, 'yar nan?"

"A kunnen 'yarta take yi, ƙasa-ƙasa. Ban taɓa cewa ta ɗaga murya ba."

Wata mai jego ta matso. "Mama, ko wannan ce?" Ta rera. Yarinyar ta tsanyara kuka. Matar ta koma wurinta tana goge ido.

A gida Inna ta gwada ƙarasawa da nata. Ta sa wannan, ta cire, ta sa wancan. Yarinyar ba ta karɓi ko ɗaya ba.

Yanzu ta yi wayo, har tana rarrafe. Kullum in Inna ta gama yi mata wanka, sai ta ɗora ta a cinya ta rera rabin da ta sani. In ta kai wurin, ta yi shiru. Yarinyar ta kalli bakinta tana jira.