Tallan Shinkafar Baba Ndako

A shekarar 2011 Murja tana ajin ƙarshe a wata kwaleji a Minna, inda take karanta aikin talla, kuma sau uku ke nan malaminsu, Malam Badaru, yana dawo mata da aikinta. Na ukun ma a gaban aji ya karanta shi, yana kwaikwayon muryar 'yan rediyo: "Shinkafa mai daɗi, mai inganci, mai auki!"

Ya ajiye takardar. "Murja, wannan ko tayar mota aka sa a madadin shinkafar, kusan zai shige. Ki tafi kasuwa ki ji yadda mutane ke magana."

Ranta ya ɓaci, amma ta tafi. A Kasuwar Kure akwai Baba Ndako, wani dattijo Banufe mai sayar da shinkafar Bida, wanda innarta ta daɗe tana saye a wurinsa. Shinkafarsa tas take, sai dai faɗa gare shi, kuma mace ko namiji "kai" yake ce wa kowa. Murja ta gaishe shi, ta zauna a benci kamar mai hutawa, ta danna wayarta a cikin hijabi tana ɗaukar muryarsa.

Ba a jima ba wata hajiya ta cusa hannu a buhu tana tono.

"Kai, Hajiya, cire hannu!" in ji Baba Ndako. "Tun ɗazu kana neman tsakuwa, ka samu? In ka samu ko guda, kawo in haɗiye a gabanka!"

Murja ta kai muryar makaranta, ta gyara a kwamfuta, ta sa kiɗan kalangu a ƙasa. Ranar da aka kunna a aji, har wani ya zamo daga kujera don dariya. Malam Badaru ya share hawaye, sannan ya tambaye ta, "Ya san kin ɗauka?"

Ta sunkuyar da kai.

"To ba ki gama ba. A sana'ar nan ba a tsintar muryar mutum a hanya. Ki nemo izininsa."

Ta koma kasuwa, ta durƙusa ta faɗa masa gaskiya, ta kunna masa. Ya saurara fuska a murtuke.

"Haka nake magana? Kamar injin niƙa?"

"Baba, ai daɗin ke nan."

"A'a. Na yarda a yi talla, amma sabo za a yi, na mutunci."

Washegari da hantsi ya iso ɗakin ɗaukar murya na makarantar cikin babbar riga, yana ƙamshin turare, da takardar da ya rubuto da kansa. Ya gyara murya ya fara: "Jama'a masu albarka, ina farin cikin sanar da ku cewa akwai shinkafa..." Sau uku ana ɗauka, kowanne ya fi na baya sanyi. Murja ta ga aikinta na mutuwa a gabanta. Sai ta gyara zama, ta bar na'urar a kunne.

"Af, Baba, na manta. Inna ta ce in gaya maka, jiya ta tauna tsakuwa a tuwo."

Takardar ta faɗi.

"Tsakuwa? A shinkafar Ndako? Shekara talatin ina tsince da hannuna! Je ka ce wa uwarka ya duba tukunyarsa! Ko ya sayi na Ndaman mai rumfar kusa, shi ne yake sayar da rabin titi a buhu!"

Ya yi ta zuba har hularsa ta karkace. Da ya tsaya jan numfashi, idonsa ya faɗa kan jar fitilar na'urar, sannan kan Murja, wadda ta toshe baki da hijabi kafaɗunta na rawa.

"Babu tsakuwa ko?"

"Babu, Baba. Ka yafe ni."

Sai dariya ta ƙwace masa. "Kai, ja'iri ne kai! To sa. Amma cire sunan Ndaman, surukina ne."

Ta cire. A gida kuwa innarta ta wanke ta tas saboda ƙaryar da ta yi da sunanta, ta kuma sa ta daka fura ta kai wa dattijon.

Malam Badaru ya ba ta maki mafi yawa a ajin, ya tura faifan tallan zuwa wani gidan rediyo da ke ɗaukar ɗalibai horon aiki. Mako biyu bayan haka aka kira ta. Shugaban sashen talla ya kunna faifan sau biyu, ya cire tabarau ya dube ta.

"Dattijon nan ɗan wasan kwaikwayo ne? Wa ya horar da shi haka?"

Murja ta daidaita fuska. "Ni ce, ranka ya daɗe. Ya ɗan ba ni wahala da farko."

Ya ce ta fara zuwa ranar Litinin.