Benen Daudu Mai Keke

Na dawo Batsari daga Kano shekara bakwai bayan sojoji sun komo daga yaƙin Bama. Na zo da akwatin sifanu, da famfon iska, da iya gyaran keke, da kuma girman kai wanda ya fi akwatin nauyi. A Kano na ga yadda Kwara, 'yan kasuwar nan na ƙasashen waje, suke gina kantunansu, ciniki a ƙasa, ɗakin kwana a sama, mutum ya sauko daga gado ya faɗa cikin sana'arsa. Na ce ni ma, Daudu, sai na yi irinsa a garinmu, inda ko mai kuɗin gyaɗa bai ɗora ɗaki a kan ɗaki ba a unguwarmu.

Fili bai ba ni wahala ba. Malam Mahmudu, aminin marigayi mahaifina, malami mai karantar da littattafai a zaurensa, shi ya yanka mini wani ɗan tsiri a jikin katangar gidansa ta yamma, yana fuskantar hanyar kasuwa. Ko goro bai karɓa ba. Gidan nan ba baƙona ba ne. Da uwata ta rasu, shekara shida na yi ina cin tuwo a akushin mahaifiyarsa, Inna Tasalla, har sai da na yi girman da aka daina barina shiga cikin gida.

Abin da ya ci ni shi ne azara. Ɗakin da za a taka samansa yana son azara ninki biyu, giginya kuwa ba a ba da ita kyauta. Ina da bijimai biyu na gado a hannun Hamma, Bafulatanin da ke yi mana kiwo a Ruma. Da na ce ya kai su kasuwa, ya dube ni ya ce, "Abin da ke tafiya da ƙafarsa za ka mayar ƙasa da itace?" Na ce masa shi ya san shanu, ni na san birni. Tubali kuwa da hannuna na yi shi a bakin kududdufi, wata biyu cur, don in rage kuɗin aiki. Na haƙura da ƙyauren kwano, na haƙura da farar ƙasa. Abu ɗaya ne na ƙi haƙura da shi, wato taga. Na sa wani kafinta a Katsina ya yi mini babba, mai murfi biyu da koren fenti, kuma don in biya shi sai da na sayar da kekena. Mai gyaran keke ya koma tafiya a ƙasa, ban ma ga abin dariya a ciki ba.

Maginin shi ne Muntaka, wani dattijo daga Wagini. Na zana masa ginin a bayan kwalin sukari. Ya juya kwalin sau biyu, ya ɗora yatsa a kan tagar.

"Wannan wace fuska take kallo?"

"Gabas. Yamma rana ce, gabas iska."

"Gabas ai gidan Malam ne. Tagar bene, Daudu, bisa da kan mutum ake yin ta, faɗin tafi biyu, ta shigo da haske kawai."

Na tambaye shi ko ya taɓa wuce Safana a rayuwarsa. Ya ɗauki igiyar awonsa ya koma bakin aiki. Yau in na tuna da wannan tambayar, sai in ji kamar in rufe fuskata, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

A wurinmu namiji ba ya hawa sama haka nan, ko rufin ɗaki ne ko bishiya, in dai zai iya hango cikin gidan wani. Sai ya tsaya ya ɗaga murya ya ce, "Mata a kimtsa, za a hau bisa." Matan maƙwabta su shige ɗaki. In ya gama ya sauko, ya sake cewa, "An sauka," su fito su ci gaba da dakansu da wankinsu. Tun da gini ya wuce tsayin katanga, kullum Muntaka yake yin kiran nan biyu, bai taɓa mantawa da ɗaya ba.

Ranar da aka kafa tagar na tare, na ce yau mai bene ne zai yi kira da kansa. Na tsaya a bakin hanya inda kowa zai ji, na buɗe murya na ce a kimtsa za a hau bisa. Na naɗe tabarmata na hau, na wangale murafen nan biyu. Iska ta shigo, na miƙe ƙafa, na ji duniya ta yi mini daidai. Kira na biyu ko a raina bai zo ba. Wa zai ce an sauka daga ɗakin kwanansa?

Aiki ya kankama. Masu sayen gyaɗa da ma'aikatan En'e suna kawo faci da ɗaurin sarƙa, kuma duk wanda ya zo sai na ce ya hau ya ga sama. Abokina Armaya'u ya mai da wurin majalisa, shi da mutanensa, daga hantsi har la'asar suna bakin taga suna shan iska. Lokacin bazara ce, zafin da ko ƙadangare yake neman inuwa. Ni kuwa in na leƙa sai in ga tsakar gidan Malam fayau, ba kowa, har nake yabawa a gaban mutane. Ina cewa, "Ku ga gidan ilimi, ko motsin mace ba ka gani." Kullum da asuba muna haɗuwa da Malam a masallaci, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa da fara'a ya ce, "Ya iskar sama, Daudu?" Ni kuma in ce sai godiya.

Kwana ashirin da uku ana haka. Ran na ashirin da huɗu ina durƙushe ina neman huji a cikin kwanon ruwa, sai na ga sanda ta tsaya a gabana. Inna Tasalla ce, wadda ta fi shekara ba ta taka ƙofar gida ba saboda ciwon gwiwa. Idanunta sun yi ja suna ruwa, wuyanta duk ƙurajen zafi. Na zube na gaishe ta. Ta amsa a tsanake, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiyar gini, ta sa wa benen albarka. Armaya'u yana zaune a kan benci yana jin komai.

Sannan ta ce, "Daudu, Safiyyatu ta aiko ni." Safiyyatu matar Malam ce. "Ta ce in tambaye ka, tunda kai kake kusa. Wani bawan Allah ya yi kira kwanaki za shi hau bisa, to har yau ba mu ji ya ce ya sauka ba. Ko ka san yaushe zai ƙare aikin nashi? Geronmu na son shanya, kuma hayaƙin ɗaki ya fara cin idona."

Ta san muryata tun ina kuka a bayanta. Ta san wanda ya yi kiran sarai. Ta bar mini ƙofar da zan fita ne kawai, kuma wannan ya fi mari zafi. Armaya'u ya sulale ya bi hanya ko sallama babu.

Na hau sama don in rufe tagar, idona ya faɗa cikin gidan, wannan karon na ga abin da na yi kwana ashirin da uku ina kallo. Gurbin turmi yana nan a ƙasa, turmin babu. Murhun tsakar gida ya mutu, hayaƙi kuma yana fitowa ta ƙofar ɗakin Safiyyatu. A gindin bishiyar da Inna take shimfiɗa tabarma ta sha hantsi, ganye ya taru. Can jikin katanga an ɗaura zana biyu a kan sanduna, ƙoƙarin Malam ke nan na tare ni, amma ko rabin tsayin tagar ba su kai ba. Kunya ta kama ni.

Kafin azahar na ɓalle tagar da na sayar da kekena dominta. Na aika Wagini, washegari Muntaka ya zo. Bai ce ai ya faɗa mini ba, da ma ya faɗa da na fi jin sauƙi. Muka toshe wurin da ragowar tubali, ya bar ɗan rami bisa da kaina, faɗin tafi biyu.

Na je zauren Malam da laka a hannuna, na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya rufe littafin da ke gabansa.

"Ni ƙasa na ba ka, Daudu," in ji shi. "Saman ban san ko na wane ne ba, shi ya sa na yi shiru. Tashi ka je, ana jiran ka."

Na fito na tsaya a bakin hanya, daidai inda na yi kiran farko. Mutanen kasuwa suna wucewa, wasu sun tsaya kallo. Na ɗaga murya.

"An sauka."

Ban kai ƙofar shagona ba na ji ana jan turmi zuwa tsakar gida.