Randar da Rawan Ta Wanke

Laifin Rawan ɗaya ne, tsabta. Ranar da suka tare a sabon gida a unguwar Mansur ta Makka, bayan an rushe layinsu na unguwar Nakkasa, ta ga randar kakarta a tsakiyar kicin, baƙa ƙirin daga ciki, tana tashin wani tsami-tsami. Zuciyarta ta ce wannan ƙazanta ba za ta kwana a gida mai farin tayil ba. Ta samo soso da sabulu da ruwan bilic, ta durƙusa ta dirje ta tas, ta kife ta a baranda ta sha rana, sannan ta zauna tana jiran a sa mata albarka.

Hajiya Hajara, wadda jikokinta ke kira Sitti kamar yadda 'ya'yan Makka ke kiran kaka, ta fito ta tsaya a kan randar ta daɗe. Ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da abin ya zo da sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Kin kashe ta," ta koma ɗaki.

A randar nan Sitti ke haɗa sobiya tun ba a haifi Rawan ba. Sha'ir ne da busasshen burodi, a jiƙa su da kirfa, a bar su su kwana su ɗan yi tsami, a tace, a sa sukari da ƙanƙara. Duk azumi kafin magariba layi ake yi a ƙofarta. Abin da Rawan ba ta sani ba, don ita shan kawai ta iya, shi ne sabulu bai taɓa shiga randar ba, kuma ba a taɓa juye ta ƙarƙaf ba. Kullum sai an bar guntun na jiya a gindinta, shi ke tayar da na yau. Wannan guntun Sitti ke kira iri, kuma daga hannun mahaifiyarta ta karɓe shi.

Sau ɗaya Sitti ta gwada haɗawa a wankakkiyar randar. Ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce ruwan burodi ne, a zubar. Daga nan ta daina shiga kicin. Matar da a Nakkasa ko ciwon gwiwa bai hana ta zaga gidaje ba, sai ga ta tana yini kwance tana kallon silin. Rawan ta ba da haƙuri har bakinta ya gaji. Abin ya tsaya mata a rai sosai, ga shi kuma azumi sai matsowa yake.

Wata rana tana shafa wa Sitti man zafi a gwiwa ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "Ya Sitti, ya'ni iri ɗin babu shi a wani waje? Khalas, shi ke nan ya mutu?"

"Da a Nakkasa ne, ai kofi zan miƙa miki ki shiga gidan maƙwabciyata Ɗaso ki ɗebo," in ji Sitti. "Ni na ba ta. Duk wadda randarta ta lalace a layin nan, wurina take zuwa da kofi."

"To a kira ta mana!"

"Da wace lambar? Matar da in na yi tari take ce min sannu ta katanga, me zan yi da lambarta? An watsa mu kamar an jefa dutse cikin tattabaru. Ban san inda kowa ya faɗa ba."

Rawan a kantin magani take aiki, amma duk Asabar a lokacin sanyi, ita da ƙawarta Wafa da wasu 'yan mata sukan fita bayan asuba su hau ɗaya daga duwatsun da suka kewaye gari. In sun sauko sai su zube a gidan shan gahawa, su ɗauki hoton kofi fiye da yadda suke shan abin da ke ciki. A wannan makon Rawan ta kawo wata shawara. Ta ce duk dutsen da suka hau, in sun sauko su shiga unguwar da ke gindinsa su nemi mai sobiya ta gida, ba ta kanti ba. Ta lura tsofaffin Nakkasa ba sa son fili, duk inda aka kai su sai sun laluɓi jikin dutse sun maƙale. 'Yan matan suka yi ta dariya, amma ƙishirwa ba ta gardama, suka yarda.

Suka fara da Jabalun Nur. A hanyar saukowa wani biri ya fizge ledar dabinon Wafa, ya hau kan dutse yana ci yana kallonta ido cikin ido, ita kuma tana zaginsa da Larabci kamar zai ji kunya. Da suka isa ƙasa, Rawan ta shiga lungu tana tambayar duk baƙar fuskar da ta gani, "Akwai mace na Nakkasa yana sayar da sobiya?" Wani tsoho mai sayar da goro ya gyara mata Hausar tukuna, sannan ya nuna musu wata koriyar ƙofa. Suka sha a tsaye a zaure, mai sanyi har cikin haƙori, Rawan ta ƙullo leda guda ta kawo gida.

Sitti ba ta ko tashi zaune sosai ba. Ta kurɓa don kar a ce ta ƙi, ta juya ta a baki. Sai girarta ta ɗaga.

"Asiya 'yar Cadi! Ashe tana nan da ranta. Har yau rowar sukari take yi, Allah ya shirye ta. A ina kika same ta?"

Rawan ta saki baki. Ko sunan matar ba ta tambaya ba. "Keef? Sitti, yaya kika sani?"

"Ke in an rufe miki ido ba kya gane muryar ubanki? Wannan ba irina ba ne, nata daga wurin wata Bamisira ta samo. Amma ba ni labari, ta rame?"

Haka Asabar ta zama ranar Sitti. Kafin azahar za a tarar da ita a falo, ta ɗaura kallabi, ta ajiye kofinta a gaba. Bayan Jabalu Saur aka kawo mata ja, mai zobo a ciki, ta ce ta matar Nasiru direba ce, wadda ba ta iya barin abu yadda Allah ya yi shi. Wani makon ta kurɓa ta ce ba ta san wannan hannun ba, amma ko wace ce a roba take jiƙawa, kuma tana da gaggawa. Rawan ta koma ta leƙa, ta ga robar da idonta, shuɗiya.

Abin ya fara cin ran Rawan ta wata fuskar. Yaya sha'ir ɗaya da burodi ɗaya za su fito da murya daban-daban? Ta daina shanyewa a tsaye. Takan riƙe a baki, ta nemi inda tsamin yake zama, a gefen harshe ne ko can maƙogwaro. Takan roƙi a bar ta ta shiga kicin, ta sunkuya ta shinshina randa, ta tambayi da me ake rufewa, a wane lungu ake ajiyewa. Wafa ta ce saura kaɗan ta fara lasar bango. Kuma duk gidan da suka shiga, kafin su fito sai Rawan ta tambayi Ɗaso. Wasu su ce Jidda ta koma, wasu su ce a'a, an gan ta a asibiti da 'yarta. Iri dai bai samu ba, Sha'aban kuma ya raba.

Wata mai sayar da yaji a unguwar Hindawiyya ce ta warware zancen. Ta ce 'yar Ɗaso, Suhaila, tana sayen kirfa a wurinta, kuma suna zaune a kan wani tudu a gefen gari, inda mota ke tsayawa a ƙasa, sauran hanyar sai ƙafa.

Ranar ba su nemi wani dutse ba, unguwar kanta ta ishe su. Rawan da Wafa kaɗai suka je. Matakala ce ta siminti da kowane maƙwabci ya zuba tasa yadda ya ga dama, wata doguwa, wata gajera, bututun ruwa na bin gefenta. Awaki na kwance a inuwar tankuna ba su da niyyar matsawa. Suna haki da takalmansu na hawan dutse da sandunansu, wata tsohuwa da silifas da buhun shinkafa a ka ta wuce su ta ce musu sannunku da ƙoƙari. Wafa ta ce ita daga yau ta daina faɗa wa mutane tana hawan dutse.

Suhaila ce ta buɗe ƙofar, mace mai jiki, da hannu duk gari. Rawan ta gaishe ta, ta ce ita jikar Hajara ce mai sobiya ta Nakkasa, ta zo gaida Khala Ɗaso, wato Gwaggo Ɗaso.

Suhaila ta goge hannunta a zani a hankali. "Umma ta rasu a Rajab. Allah yirhamha. Ku shigo, kar ku tsaya a rana."

Rawan da Wafa suka shiga. Suka yi ta'aziyya, suka zauna. Suhaila ta ce har kwanakinta na ƙarshe Umma tana cewa a nemo mata Hajara, ba wanda ya san inda za a nema. Sannan ta ja labulen wani lungu. Ga randa nan a kan kasko, an rufe bakinta da farin ƙyalle.

"Ranar tashi daga Nakkasa a cinyarta ta rungumo ta cikin mota, da irin a ciki, ko ni ba ta yarda na riƙe ba. Kullum cewa take na Hajara ne, aro aka ba ta. Ni ban iya kamar ita ba, ina dai haɗawa don kar ya mutu a hannuna."

Rawan ta sunkuya ta ɗaga ƙyallen. Warin da ya bugi hancinta shi ne wanda ta dirje da soso ranar tarewa, sak. Ta tsaya a sunkuye ta kasa ɗagowa, don kar a ga idonta. Suhaila ta zura ludayi har gindi ta cika mata gora da mai kaurin, ta kuma ƙulla mata tatacciya a leda.

A hanyar saukowa Rawan ta rungume gorar a ƙirji. Ta ce wa Wafa ba za ta faɗa ba. Da ƙyar tsohuwar ta dawo falo, in ta ji wannan labarin ɗaki za ta koma, wataƙila ba ta ƙara fitowa ba. Za ta ce Khala Ɗaso na gaisuwa, bayan salla a san yadda za a yi. Wafa ta ce ita dai ba ta ga wanda ya taɓa yi wa Sitti ƙarya ya sha ba.

Sitti na falo da kofinta. Rawan ta ɓoye gorar a bayan ƙofa, ta tsiyaya mata ta ledar, ta koma gefe tana murza yatsu. Sitti ta kurɓa. Ta rufe ido.

"Nawa ne," ta ce. "Wannan irin Innata ne. Kin samo Ɗaso!"

"Aiwa, Sitti! Ga iri ma na kawo, gora cike. Tana gaishe ki sosai, marra marra."

Sitti ta yi dariya, irin wadda ba a ji ba tun Nakkasa, ta sake kai kofin baki. A wannan kurɓar ta biyu ce dariyar ta tsaya. Ta taɓa harshenta da yatsa, ta duba ɗan ƙaiƙayin sha'ir da ya manne a kai.

"Wa ya tace wannan?"

"Khala Ɗaso mana."

"Ɗaso sau biyu take tacewa, da rariya sannan da ƙyalle. Na sha yi mata tsiya a kan haka. Kuma muddin tana iya tsayuwa da ƙafarta, ba mai taɓa mata randa, ko 'yar cikinta." Ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta dubi Rawan. "Kwance take, ko an kai ta?"

Rawan ta nemi Hausar da za ta faɗa da ita ta rasa, ta nemi Larabcin ma ya gudu. Da ƙyar ta ce, "A Rajab, Sitti. Ta yi ta nemanki."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sitti ta ja bakin kallabinta ta rufe fuska. Rawan ta durƙusa a gabanta tana kuka, tana jiran ta ga ta miƙe ta nufi ɗaki. Can Sitti ta share fuska, ta dafa kafaɗar Rawan ta miƙe. Ta tsaya gwiwarta ta daidaita, sannan ta nufi kicin.

"Ɗauko randar daga baranda. Ki ɗauraye ta da ruwa, ruwa kawai na ce, ja'ira."

Da hannunta ta juye gorar a ciki, ta karkata randar tana juya ta har irin ya shafi ko'ina. Ta sa Rawan ta kakkarya busasshen burodi, ta auna sha'ir da tafin hannu, ta rufe bakin da ƙyalle ta ɗaure.

"Asabar kuma ki kai ni wurin Suhaila in yi mata gaisuwa. In nuna mata yadda ake tacewa, tunda uwarta ba ta tsaya ta koya mata ba."

"Sitti, mota ba ta zuwa. Matakala ne, dogo marra. Gwiwarki fa?"

"A Nakkasa a lif kika ga ina hawa? Ki aro min sandar ƙawar nan taki da biri ya yi wa fashi."