Turakun Bara

Tun da aka ɗaure gero aka kai rumbu, Furera ba ta bar mijinta Iliyasu ya huta da zancen kuka ba. Safe da yamma maganar ke nan.

"Malam, ganyen kukar ga hwa ya soma juyawa. In ya ida komawa ruwan ɗorawa, ko akuya ba ta so nai, balle a daka a yi miya. Mi za mu kaɗa har damana?"

Gaskiyarta. A ƙauyensu, cikin kwarin da ke tsakanin Azarori da Buza, ganyen kuka kwanakinsa ƙidayayyu ne. Ana saro shi a ƙarshen damina yana kore shar, a shanya a inuwa, a daka, a cika tukwane. Wanda ya yi sanyin jiki, iska ta riga shi. Shekara da shekaru ɗansu Shamsuddin ke hawa ya saro musu. Bana kuwa ko ƙaiƙayin gero bai gama barin jikinsa ba ya haye kamiyo, babbar motar kaya, ya tafi cin rani, shi da duk wani saurayi mai iya ɗaga ƙafa. Aka bar gari da tsofaffi da mata da awaki.

Furera ta ce to a roƙi wani mana. Iliyasu ya ce wa? Ta buɗe baki, ta dubi fuskarsa, ta mayar ta rufe.

Ga inda gizo ke saƙar. Kukar ta Iliyasu ce, amma gonar da take tsaye a ciki ta wansa Mahfuzu ce. Haka aka raba musu gado, kuma ba baƙon abu ba ne a nan: ƙasa da mai ita, itace da mai shi. Shekara bakwai da suka wuce Mahfuzu ya datse wani babban reshe da ke hana geronsa rana, bai tambayi kowa ba. Reshe ɗaya tak! Iliyasu ya kai ƙara wurin maigari, magana ta yi zafi, ya miƙe a gaban dattawa ya ce daga yau ba shi da wa, bakinsa kuma ba zai sake cewa "Yaya" ba har ƙasa ta rufe masa ido. Mahfuzu ya kwashi iyalinsa ya koma wata tunga a hayin ƙorama, gona kawai ke kawo shi wannan ɓangaren. Iliyasu ya hana a ambace shi a gidansa. Ko a majalisa aka ɗauko zancensa, sai ya nemi takalmansa. Mutum ne mai riƙe magana, ko da ta kai maganar ce ke riƙe da shi.

Ran wata Laraba da sassafe ya sa babbar riga, ya soke ɗan gatari a ƙugu ta ciki, ya ce wa Furera zai je gaisuwar mutuwa Azarori, kada ta sa ransa sai yamma. Ya san in ya faɗi gaskiya za ta tara masa maƙwabta. Shekararsa hamsin da takwas, rabonsa da hawan kuka tun kafin a yi wa Shamsuddin kaciya.

Gindin kuka santsi ne da shi, ba a rungumarsa. Turaku ake fiƙewa na itace mai ƙwari, a bubbuga su a jikinta, su zama matakala. Kuma kowace shekara sababbi ake bugawa, don ruwan damina yana cin na bara ta ciki, a waje kuwa su yi ta kyan gani. Iliyasu ya fi kowa sanin haka. Shi ne duk shekara yake tsayawa a kan ɗansa yana cewa turken bara ba abin yarda ba ne. Amma fiƙe turaku goma sha biyar aikin hantsi guda ne, ga ƙarar bugu, shi kuwa so yake ya sare ya kwashe ya ɓace kafin mai gona ya leƙo. Ya tuɓe riga da hula da takalma ya aje a gindi, wayarsa na cikin aljihun rigar. Ya taka turke na farko, ya jijjiga. Daram. Ya yi bisimilla.

Ya kusa kaiwa inda rassa suka rabu sai na ƙarƙashin ƙafarsa ta dama ya ce ƙas. Ya cafki na sama da hannu biyu, ƙafafunsa na wutsil-wutsil, ya taka wani, shi ma ya tafi, ya tafi da biyun da ke ƙasansa. Gatarin ya suɓuce daga ƙugunsa. Sai da ya ɗan jima kafin ya ji faɗuwarsa a ƙasa, wannan jimawar ce ta tsinka masa zuciya. Da ƙirji da gwiwa ya ja jiki ya faɗa tsakanin rassa, yana haki, hannuwansa duk sun saluɓe.

Da numfashinsa ya dawo, ya leƙa. Turaku huɗu sun tafi a jere. Tsakanin ƙafarsa da na farkon da ya rage ya fi tsayin mutum ɗaya da rabi, sulɓi zalla, daga nan zuwa ƙasa kuma ya ninka haka. In ya saki jiki, ƙashin tsoho ba ya ɗoruwa.

Da hantsi wasu mata huɗu suka biyo hanyar da ke gefen gonar, za su itace. Da ya ɗaga murya da sun ji. Me ya yi? Ya lafe a bayan reshe kamar ƙadangare, har da riƙe numfashi. Ya hango kansa a bakin ƴan majalisa, Malam Iliyasu da ya tafi gaisuwa Azarori aka tsinto shi a kan kuka da ƴar shara. Ya ce bari su wuce, dabara za ta zo. Suka wuce, dabara ba ta zo ba, su ma ba ta nan suka dawo ba. Girman kai rawanin tsiya, ga shi ko hular bai hau da ita ba.

Rana ta take. Daga inda yake zaune kwarin duka a tafin hannunsa yake, bai taɓa ganinsa haka ba. Gezar da ke kan duwatsu ta yi ja kamar tsatsa. Karan gero ya yi fari fat, ciyawa ta koma kalar zaki. Gawo kaɗai, mai saɓa wa jama'a, shi ne yanzu yake fitar da sabon ganye. Can ƙasan fadama irin albasa ya yi kore, ga mutane ƙanana kamar tururuwa suna ban ruwa. Ya yi musu ihu har maƙogwaronsa ya bushe, iska ta kwashe ihun ta yi gabas da shi. Ita kuma kukar, rabinta ta riga ta juya. Duk iskar da ta kaɗa sai ganye ya saki, rawaya-rawaya, ya yi lilo ya sauka a hankali. Iliyasu ya bi ɗaya da kallo har ƙasa, ya ji haushinsa. Ganye ma ya san hanyar sauka.

Wayar ta yi ƙara a gindin itace, ta gaji ta yi shiru. Ta sake. Ƙishirwa ta kama shi, ya tsinki ganyen da ya rage kore ya tauna, yauƙi ya cika masa baki. Ƙafafunsa suka yi tsami, babu wurin miƙe su. Da azahar ya tattara ƴar ƙurar da ta taru a tsagar reshe ya yi taimama, ya yi salla a zaune, hannu ɗaya na riƙe da reshe. A nan ne tsoro ya shige shi sosai. Furera ba za ta neme shi ba sai magariba, kuma Azarori za ta aika. In barci ya ɗauke shi a nan, sai dai a tsinci gawarsa.

Bayan la'asar ya hango mutum da jaki suna hawowa daga ƙorama. Tun kafin fuska ta bayyana ya gane tafiyar. Duk duniya a rasa wanda zai zo sai shi.

Mahfuzu ya ɗaure jakin a wata sabara ya shiga tattara harawa. Shekara bakwai Iliyasu na kauda kai in sun yi kiciɓis a jana'iza ko kasuwa, yau babu inda zai kai idonsa. Ya ga bayan ya rankwafa. Ya ga ƙeyar ta yi fari. In ya sunkuya sai ya dafa gwiwa kafin ya miƙe. Yaushe wannan mutum ya tsufa haka?

Rigar da takalman suna ɗaya gefen gindin, Mahfuzu ba zai gan su ba. Iliyasu ya yi gyaran murya. Shiru. Ya yi tari mai ƙarfi. Shiru.

"Salamu alaikum!"

Mahfuzu ya ci gaba da naɗe harawarsa.

"Kai mai gona! Da kai nika!"

Ko gezau. Ran Iliyasu ya ɓaci. Wato ya ji, so yake sai an faɗi kalmar. Ya rantse a zuciyarsa gara ya kwana nan. Ya zauna yana huci yana kallo har Mahfuzu ya ɗaure dami biyu, ya aza wa jaki, ya kwance igiya, ya juya ya nufi ƙorama. Inuwar kukar ta riga ta kai bakin gona. Taku goma, taku ashirin.

"Yaya!"

Ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Ya sake, da duk abin da ya rage masa.

"Yaya! Yaya, don Allah! Ni na, Iliyasu!"

Mahfuzu bai waiwayo ba. Iliyasu ya ji hawaye na bin gemunsa. Ya karya rantsuwarsa, ya zubar da ita a ƙasa, an tsallake ta an wuce. Cikin baƙin ciki ya fizgo wani ɗanyen ɗan kuka da ke reto kusa da shi ya wurga da iya ƙarfinsa. Ya faɗi tim a bayan jakin. Jakin ya zabura, dami ɗaya ya zame. Sai a lokacin Mahfuzu ya juyo, ya dubi ƙasa, ya dubi ɗan kukar, ya ɗaga kai.

Ya daɗe yana kallo, hannu a goshi. Ya dawo ya zagaya gindin, ya ga riga, ya ga gatari, ya ga karyayyun turaku. Ya ɗauki ɗaya ya murje shi da yatsa, ya zama gari.

"Turakun bara kat taka?" Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da kima, kamar mai kiran wani a hayi. "Kai? Zamna nan, kak ka motsa."

Ya ɗauki gatarin ya nufi wata bagaruwa. Ya saro, ya zauna ya fiƙe, ba gaggawa. Ya dawo ya fara daga ƙasa, yana zare tsoho yana buga sabo, ya taka, ya buga na gaba. Shekararsa sittin da shida.

"Yaya, kak ka hau! Tai ka kira mutane, ka ji? Yaya!"

Bai ɗago ba. Ana cikin haka wayar ta sake ɗaukar ƙara, a ƙarƙashin ƙafarsa, ƙara mai tsinin da har jakin ya miƙe kunnuwa. Mahfuzu ko ƙifta ido bai yi ba, bugunsa kawai yake. Iliyasu ya dubi jakin, ya dubi wansa. Ashe ba ƙyale shi aka yi ba.

Rana ta yi ja kafin turke na ƙarshe ya shiga. Mahfuzu ya sauka, Iliyasu ya biyo shi, yana lalube ɗaya bayan ɗaya. Da ya taka ƙasa sai ya zube cikin ganyen da ya zuba. Mahfuzu ya kwanto gora daga jikin jaki ya miƙa masa. Ya sha, ya sha, ruwa na zuba a ƙirjinsa.

Mahfuzu ya tsuguna a gabansa, kusa sosai, idonsa a kan bakin ƙanen.

"Kunnuwan sun mutu," in ji shi, yana nuna su. "Shekara ukku ke nan. Zazzaɓi yat tahi da su. Sai na ga bakin mutum nika gane abin da shika cewa, shi ma ba duka ba."

Iliyasu ya aje goran, Mahfuzu ya ci gaba.

"Abin da ad damuna, kullum in mun gamu, in ka wuce ta bayana, sai in ce wataƙila yaron ga ya gaishe ni ban jiya ba. Wataƙila ya ce Yaya, ni ko na yi mai banza, ya ƙara yin hushi. Ran jana'izar Maiguwa na ga kamar bakinka ya motsa. Kwana ukku ban yi barci ba." Ya gyara tsugunno. "To ga ni, ga ka. Duk abin da kac ce mani cikin shekarun ga, maimaita shi yanzu, ina kallo."

Iliyasu ya tuna jana'izar. Addu'a yake yi, ko ganin wansa bai yi niyyar yi ba. Ya laluba shekara ukun nan kaf, ya ƙara da huɗun da suka gabace su, bai sami kalma ɗaya da zai maimaita ba. Kunya ta danne shi har ya ji da ma yana can sama. Ya sunkuyar da kai.

"Ban ce komi ba, Yaya."

Mahfuzu ya sa yatsa ya tallabo haɓarsa.

"Tada kanka," ya ce. "Ban gani ba."